Jinin aiki a karen Jamus: me kwikwiyo ke gada daga iyayensa, me ba ya gada?

Idan mai sayar da kare ya ce maka "wannan jinin aiki ne, kakanninsa daga Jamus ta Gabas suke," me ya sayar maka ke nan? Lafiya ce, ko jarumta, ko kuwa suna kawai? Tambayar ta zama ta yau da kullum tun da matsalar tsaro ta sa magidanta da masu gonaki a Kaduna, Abuja, Jos da Kano suka shiga neman karen gadi, kuma wanda aka fi rububinsa shi ne karen makiyayan Jamus, wanda ake kira Jaman Shefad. Tallarsa ta cika Facebook da WhatsApp, kowa yana cewa nasa ne na asali.

Na taɓa raka wani yayana duba 'yan kwikwiyo a wani gidan kiwo. Mai gidan ya fito da uwar, ya shafa gadon bayanta, ya ce, "Alhaji, dubi bayan nan, a miƙe yake kamar sanda. Irin wannan ba sa ciwon ƙugu." Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukar hoton ƙashin ƙugunta. Ya dube ni ya ce, "Malam, wane hoto kuma? Ga kare kana gani da idonka." Ban ɗauke shi maƙaryaci ba, domin ya yarda da abin da yake faɗa. Amma maganarsa ta tattaro kusan duk rashin fahimtar da ke cikin wannan harka.

Daga ina irin ya fito?

Irin bai tsufa ba kamar yadda ake zato. A shekarar 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya ga wani kare mai suna Hektor a wajen baje kolin karnuka a birnin Karlsruhe. Ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Horand von Grafrath, sannan shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu kiwon irin, wadda ake taƙaita sunanta da SV. Horand ne lamba ɗaya a littafin rajistarta. Don a tsayar da kama da hali ɗaya, an riƙa haɗa 'ya'yansa da jikokinsa da juna. Wannan auren zumuncin na kusa shi ya kafa irin, kuma shi ya sa duk wata cutar da ta shiga jinin tun farko ta samu wurin zama.

Stephanitz ya ga kiwon tumaki na raguwa a Jamus, sai ya tallata karen ga 'yan sanda da sojoji. Ra'ayinsa shi ne kare ya cancanci haihuwa ne da aikinsa, kyan gani ya biyo baya. Daga nan aka fito da jarrabawar da yau ake kira IGP. Tana da kashi uku: bin sawu da hanci, biyayya ga umarni, da kariya. Kowane kashi maki 100 ne, kuma sai kare ya ci 70 kafin a ce ya wuce. Ana harba bindiga yana tsakiyar aiki don a ga ko zai razana. A kashin kariya, mutum ne ke sanye da hannun riga mai kauri, kare ya cafke shi, amma da zarar mai shi ya ce ya saki, dole ya saki. Wanda ya ƙi saki an kore shi daga jarrabawar. Akwai kuma gwajin juriya, inda kare ke bin keke da sassarfa har kilomita 20.

To, "jinin aiki" a asalin ma'anarsa shi ne zuriyar da aka daɗe ana zaɓen iyayenta bisa sakamakon irin waɗannan gwaje-gwajen, ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake ba.

Wani ƙaramin gyara a nan: mutane da yawa a wajenmu suna ɗauka Alseshan daban, Jaman Shefad daban. Kare ɗaya ne. Bayan yaƙin duniya na ɗaya ne Turawan Ingila, saboda ƙin jinin duk abin da ya shafi Jamus, suka laƙaba masa sunan yankin Alsace, sai a 1977 suka amince a koma ga sunan asali. Mu kuma muka gaji tsohon sunan daga gare su.

Yadda gida ɗaya ya rabu

Rabuwar Jamus gida biyu a 1949 ta raba karnukan ma. A Jamus ta Gabas, wadda ake taƙaita sunanta da DDR, hukuma ce ke sa ido a kan kiwo, kuma kusan shekara 40 ba a cika shigo da jini daga waje ba. Karnukan can suka yi suna da babban kai, ƙashi mai kauri da launi mai duhu, kuma an yi amfani da su sosai wajen gadin iyaka. A maƙwabciyarta Cekoslobakiya, rundunar tsaron iyaka ta buɗe gidan kiwonta a 1955, ta kuma ɗebo jini da yawa daga Jamus ta Gabas. Daga nan "jinin Cek" ya samo asali.

A Jamus ta Yamma rabuwar ta wani fanni ce. Wasu masu kiwo suka bi gasar kyau, inda alƙali ke duba siffa da takun kare yana zagaya fili. Su suka fito da karen nan mai ja da baƙi, mai gangararren baya, wanda ya fi yawa a hotuna. Wasu kuma suka tsaya a kan gasar aiki, karnukansu suka fi yawa a launin toka-toka irin na dila, ko baƙi wuluk. Amurka ma ta ɗauki nata layin na gasar kyau, inda aka ƙara lanƙwasa ƙafafun baya.

Jamus ta sake haɗewa a 1990, tsarin kiwon Gabas ya rushe, karnukansa suka bazu duniya suka cakuɗu da sauran. Yau sama da shekara 30 ke nan. Kare kuwa yana iya haihuwa tun yana shekara biyu, don haka tsakanin kwikwiyon da ake nuna maka da karen iyakar Jamus ta Gabas akwai kakanni takwas, goma, ko fiye. Idan a cikin waɗannan kakannin ba wanda aka gwada, abin da ya rage na DDR a jikinsa bai wuce girman kai da duhun gashi ba.

Halin da ake gada

Bahaushe ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma mafarauta sun daɗe suna tambayar uwar kare kafin su karɓi ɗanta. Gaskiya ne hali yana bin jini. Masu horar da karnukan aiki suna duba abubuwa kamar kwaɗayin bin duk abin da ke motsi da cafke shi, son abinci, wanda da shi ake koyar da bin sawu, da kuma abin da suke kira ƙarfin zuciya. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, shi kuma aka fi yi wa mummunar fahimta.

Kare mai ƙarfin zuciya ba shi ne mai yawan haushi da tayar da gashin wuya ba. Sau da yawa wannan tsoro ne yake ji. Mai ƙarfin zuciya shi ne wanda kwano zai faɗi a bayansa ya waiga, ya je ya shinshina, ya ci gaba da harkarsa. Yaro zai wuce da gudu bai ɗauke shi abokin gaba ba. Tsoro da razana suna cikin halayen da ake gada, kuma kare matsoraci mai ƙarfin muƙamuƙi shi ne ke cizon almajirin da ya zo sallama ko mai kawo ruwa. Abin da ke damuna shi ne a kasuwarmu irin wannan karen ne ake yabo, a ce "wannan ai mugu ne, ba ya wasa," har a ƙara masa kuɗi a kai shi barbara.

Sai dai gado ba ya aiki kamar hatimi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2022, a kan dubban karnuka, ya nuna cewa sanin irin kare kaɗai yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne na bambancin hali tsakanin wannan karen da wancan. A ciki ɗaya ma za ka samu wanda ya dace da aikin 'yan sanda da wanda ya fi son kwanciya a inuwa. Cibiyoyin da ke kiwon karnukan soja da kansu, duk da zaɓen iyaye da suke yi, suna cire da yawa daga cikin 'ya'yan saboda ba su kai ba.

Reno ma yana da hannu. Binciken da aka yi a kan karnukan Jamus na rundunar sojan Suwidin, wanda ya fito a 2016, ya gano cewa yadda karya ke kula da 'ya'yanta a makonnin farko, kwanciya da su da lasa da shayarwa, yana da alaƙa da halinsu bayan sun girma. An kuma daɗe da sanin cewa daga mako na 3 zuwa kusan na 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai saba da shi a duniya. Wanda aka cire daga nono yana mako huɗu don a yi saurin karɓar kuɗi, aka kulle shi a keji bai ga yaro ba, bai ji ƙarar babur ba, an riga an ɓata rabin abin da ya gada.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Kwaɗayin aikin nan ba ya kashewa idan ba a buƙatarsa. Karen da aka yi zuriyarsa don ya yi sa'o'i yana bin sawu, idan aka ɗaure shi da sarƙa a bayan gida daga safe zuwa dare, zai nema wa kansa aiki. Zai tone ƙasa, ya cinye tayar mota, ya yi ta zagaye yana bin wutsiyarsa har ya ji mata ciwo. Maigida ya ce kare ya haukace, alhali kuwa shi ya sayi injin noma ya ajiye a falo.

Maganar ƙugu

Mu koma ga mai kiwon nan da ya shafa bayan karyarsa. Cutar da yake nufi ita ce rashin daidaituwar mahaɗar cinya da ƙugu. Kan ƙashin cinya kamar taɓarya yake a cikin turmi. Idan turmin bai yi zurfi ba, ko jijiyoyin da ke riƙe da shi sun yi sako-sako, sai ƙashin ya riƙa gurzawa yana zamewa, har gaɓar ta lalace. Alamominta su ne wahalar tashi daga kwance, ƙin hawa tudu, da gudu da ƙafafun baya biyu a haɗe kamar tsallen zomo.

Gangaren baya wani abu ne daban, ya shafi lanƙwasar ƙashin baya da ta ƙafafu. Kare mai miƙaƙƙen baya yana iya samun mummunan ƙugu, mai gangare kuma ya fito da ƙugu mai kyau. Ido ba ya ganin cikin turmin. Kare matashi mai ƙarfin tsoka da zafin nama yana iya ɓoye ciwon shekaru, kuma a waɗannan shekarun ne yake haihuwa. Hoton ƙashi kaɗai ke faɗin gaskiya. Ƙungiyar SV tana ɗaukar hoton ne daga wata 12, ta buga hatimin da ake kira "a" a takardar nasabar wanda ya wuce. A Amurka cibiyar OFA, wadda aka kafa a 1966, ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika wata 24. A cikin hotunan karnukan Jamus da aka aika mata, kusan ɗaya cikin biyar ne ke fitowa da matsalar.

Abin da ya sa cutar ta ƙi ƙarewa duk da shekarun da aka yi ana yaƙi da ita shi ne ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo ta ba, da yawa ne suke taruwa. Uwa da uba masu ƙugu mai kyau suna iya haifar mai matsala. Don haka SV ta ƙara da wani ma'auni da ke haɗa sakamakon kare da na iyayensa, 'yan uwansa da 'ya'yansa. Lamba 100 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da haka ya fi kyau, kuma ana so matsakaicin lambar uwa da uba kada ya haura 100. Makiyayi zai gane wannan nan take, domin shi ma ba bijimi kaɗai yake dubawa ba, har maruƙan da ya bari a garke.

Gado yana kawo hatsarin, riƙo kuma ya ƙara shi ko ya rage shi. An yi wani dogon gwaji a Amurka da karnuka 48 irin Labrador, aka rage wa rabinsu kashi ɗaya cikin huɗu na abinci. Waɗanda aka rage wa suka fi jinkirin kamuwa da ciwon gaɓoɓi, suka kuma fi sauran daɗewa da kusan shekara biyu. Mu kuwa kwikwiyo mai ƙiba shi muke kira lafiyayye, har a ƙara masa ƙwayoyin ƙarin ƙashi don ya yi saurin girma, abin da ke iya lalata gaɓoɓin babban kare mai tasowa. Ga tayil mai santsi da yake zamewa a kai kullum. Dandaƙa da wuri ma tana da nata tasiri: wani bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2016 ya samu ciwon gaɓoɓi a kashi 21 cikin 100 na mazan da aka dandaƙe kafin shekara ɗaya, alhali a waɗanda ba a dandaƙe ba kashi 7 ne.

Cututtukan da ke kwance a jini

Duk wanda ya yi gwajin jini kafin aure ya san labarin sikila: AS lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri AS ana iya haifar SS. Haka wasu cututtukan wannan kare suke tafiya. Babba a cikinsu ita ce lalacewar laka, wadda ke bayyana galibi bayan kare ya kai shekara 8. Na ga wani tsohon kare da ita a gidan maƙwabcinmu. Abin da aka fara lura da shi shi ne sautin faratansa na baya suna karce siminti idan yana tafiya, saman faratan ya goge. Bayan watanni ƙafafun suka fara harɗewa, daga baya sai da tsumma a ƙarƙashin cikinsa ake ɗaga shi ya fita fitsari. Idonsa garau, yana kaɗa kunne idan an kira shi, amma rabin jikinsa ya daina jin umarninsa. Cutar ba ta da magani.

A 2009 masu bincike a jami'ar Missouri da abokan aikinsu suka gano ƙwayar gadon da ke da alaƙa da ita, mai suna SOD1, kuma yanzu da ɗan yawun kare ana iya gwadawa. Bambancinta da sikila shi ne ba duk mai ɗauke da kwafi biyu ne ke kamuwa ba. Amma tun da tana jira sai kare ya gama haihuwarsa kafin ta fito, gwajin ne kaɗai hanyar kauce mata, kuma tana cikin jinin aiki kamar yadda take cikin jinin gasar kyau.

Labarin wani kare mai suna Canto von der Wienerau ya nuna hatsarin rububin namiji ɗaya. An haife shi a 1968, ya mutu yana shekara huɗu kacal, amma kafin nan an kai masa karnuka mata masu yawa. Daga baya aka danganta yaɗuwar cutar rashin daskarewar jini a irin da shi. Namiji mai wannan cuta ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata suna ɗauke da ita, su miƙa wa wasu daga cikin nasu 'ya'yan maza. Canto na ɓangaren gasar kyau ne, sai dai masu jinin aiki ma suna da irin wannan ɗabi'a: sunan Fero vom Zeuterner Himmelreich da na ɗansa Troll suna maimaituwa a takardun nasaba masu yawan gaske, wani lokaci ta wajen uwa da ta wajen uba a takarda ɗaya.

Sauran sun haɗa da gazawar fankiriyas wajen fitar da ruwan narkar da abinci, inda kare ke ci kamar gara yana ramewa da zawo mai maiƙo, da murɗewar tumbi da ke iya kashe shi cikin sa'o'i, da matsewar jijiyoyi a ƙarshen ƙashin baya, wadda ke sa a yi wa karnukan 'yan sanda da yawa ritaya kafin lokaci. Wani bincike na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan a 2017 ya samu cewa matsakaicin tsawon ran irin a Birtaniya kusan shekara 10 ne, kuma ciwon gaɓoɓi da kasa tsayuwa su ne kan gaba cikin abin da ke kai su ƙarshe.

Me ɓangarorin biyu ke cewa?

Masu jinin aiki suna zargin masu gasar kyau da nakasa kare don burge alƙali. Sun samu hujja a 2016, lokacin da wata karya mai gangararren baya ta lashe rukunin irin a gasar Crufts ta Ingila, mutane suka ga takunta a talabijin aka yi ta Allah wadai. Suna kuma nuni da cewa rundunoni da yawa, har a cikin Jamus, sun karkata ga karen Malinois na Beljiyam saboda ya fi sauƙin jiki. Masu gasar kyau suna amsawa cewa a ƙarƙashin dokokin SV su ma karnukansu sai sun wuce hoton ƙugu da jarrabawar aiki kafin a yarda su haihu, kuma nasu sun fi dacewa da gidan da ke da yara.

A ganina masu jinin aiki sun fi gaskiya a kan siffar jiki, domin karen da dole ya tsallake shinge kuma ya yi gudun kilomita 20 ba zai jure ƙafafu masu rawa ba. Amma sun wuce gona da iri idan suka ce jininsu ba ya ciwo. Kuma duk wannan gardamar ta mutanen da ke gwada karnukansu ce, kowane ɓangare da takardunsa a hannu.

Abin da ya shafi mai saye a nan

Akwai wani gado da ya fi shafar mu fiye da Bajamushe. Kaskar kare mai ruwan ƙasa, wadda ke ɓuya a tsagar bango da ƙasan keji, tana ɗauke da ƙwayar cutar Ehrlichia, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935. Kowane kare yana iya kamuwa, amma an daɗe da lura cewa ta fi yi wa karen Jamus mummunan kamu. Ita ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam. Tana farawa da zazzaɓi da ƙin abinci, idan ta yi nisa sai haɓo da dasashi fari fat. Idan an kai wa likitan dabbobi da wuri tana jin magani. Ga kuma gashi mai ruɓi biyu da aka yi don sanyin Turai, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Irin wannan kare aikinsa da motsa jikinsa sai da asuba ko bayan magariba, da inuwa da ruwa a kusa kullum.

Wanda duk da haka ya ga yana da buƙata, yana da fili, yana da lokacin fita da kare kowace rana, to tambayoyinsa ga mai kiwo su ne: ina hoton ƙugu da na gwiwar ƙafar gaba na uwa da uba, a wane wata aka ɗauka, wa ya karanta? Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Zariya, suna ɗaukar hoton ƙashi, don haka ba abu ne da sai an je Turai ba. Ya nemi ganin uwar a sake, ba a ɗaure ba, ya ga yadda take karɓar baƙo idan mai ita yana tsaye. Ya tambayi ina 'ya'yan cikin da ya gabata suke, ya je ya ga ko ɗaya. Ya bincika ko uwar da uban 'yan gida ɗaya ne, domin a wurin da karnukan da aka shigo da su ba su da yawa, haɗa wa da ƙanwa ba baƙon abu ba ne. Kada kuma ya karɓi kwikwiyo kafin ya cika mako 8.

Yayana bai sayi kwikwiyon ranar ba. Da muka matsa kusa da kejin, uwar ta ja da baya ta manne da bango, wutsiya a tsakanin cinyoyi, tana haushi ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta biyar kuma suka dunƙule a lungu ɗaya, babu wanda ya tako ya shinshina hannunmu.